Kujerar Wara

Shekara goma sha ɗaya ina jan motar haya tsakanin La Paz da Coroico, sawu biyu a rana, kuma ban taɓa jin tsoron hanyar ba sai ranar da matata Noemí ta ce mini tana da ciki. Daga ranar kowace kwana ta koma mini sabuwa. Ni da nake shiga hazo ina fito, sai ga ni ina kallon gicciyen da aka kakkafa a bakin rami inda mutane suka mutu, ina tuna waɗanda na san masu su.

Akwai abin da na gani shekara uku kafin nan, a gangaren Unduavi. Wata ƙaramar mota ce ta daki dutse. Ba wani mugun haɗari ba ne, gaban motar ne kawai ya lotse, matar da ke zaune a baya ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na same ta a bakin titi rungume da zanen goyo, babu kowa a cikinsa, tana ce wa duk wanda ya tsaya, "Na riƙe shi fa. Gam na riƙe shi." Ni na taya mijin nema, kuma ba zan faɗi inda muka samo yaron ba. A ranar na yi wa kaina alkawari, in Allah ya ba ni ɗa, ba zai sauka dutsen nan a hannun kowa ba.

Shi ya sa da cikin ya kai wata takwas na ce ranar Alhamis za mu hau El Alto, babbar kasuwa, mu sayi kujerar jariri ta mota. Surukata Doña Basilia ta riga ta taho daga ƙauyensu na bakin tafki don ta zauna mana jego, da ƙullin busasshen dankalinta da hularta mai kama da tukunya. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta kalle ka sai ka duba ko maɓallin rigarka ya cire. Shekara huɗu da aurenmu ba ta taɓa kiran sunana ba. Froilán ya yi mata nauyi a baki, sai "direba". Ni ma ba zan yi ƙarya ba, ba ta kwanta mini ba.

A layin kayan jarirai Noemí ta rikice. Ta kama wani keken tura jariri mai manyan tayoyi da rumfa, tana tura shi gaba da baya, idonta na ƙyalli.

"Wannan ko shugaban ƙasa sai haka," in ji mai kayan, wata ƙatuwar mata mai haƙoran zinare da ake kira Doña Teodora. "Taɓa ki ji, 'yata. Birki gare shi kamar motar maigidanki."

Na ce, "Noemí, a Coroico ina za ki tura shi? Daga ƙofarmu zuwa dandali matakala arba'in ce. In kika sake shi sau ɗaya, sai dai a tsinto shi a kogi."

Doña Basilia ta dubi keken, ta dubi 'yarta. "Ke ba ki da baya ne?"

Maganar keke ta mutu a nan. Wannan ne karo na farko da bakina da na surukata suka zo ɗaya, kuma na yi wauta na ɗauka mun shirya ke nan.

Kujeru kuwa tuli guda, yawancinsu gwanjo. Doña Teodora ta jawo wata ja, ta kakkaɓe ta, ta ce wata uku kacal aka yi amfani da ita. Na ce a wace mota, kuma yaya motar ta ƙare? Ta ce ita ba boka ba ce. Na ce to ni ma ba zan sa 'yata a abin da ban san tarihinsa ba, ta fito mini da sabuwa a kwalinta. Na juya ta, na danna, na ja maɗauran da ƙarfina, na fita da ita har inda na ajiye mota na gwada ta da bel ɗin baya, na dawo na ce a kawo wata. Sai a ta uku na yarda.

"Maigida, kujera kake saye ko mata kake nema?" in ji ta. "Mijina bai duba ni haka ba kafin ya aure ni."

Ta ɗauko wata 'yar tsana mai ido ɗaya ta nuna mana yadda ake yi. Ta zaunar da ita, ta ware ƙafafunta, ta fito da maɗauri ɗaya ta tsakaninsu, ta sauko da biyu ta kafaɗu, ta haɗa su a ciki suka ce ƙas. Ta ce na tsakanin ƙafafun nan shi ne gaba ɗaya aikin, in babu shi yaro zamewa zai yi ta ƙasa. Na gwada sau uku, Noemí ta gwada sau biyu.

Doña Basilia tana tsaye a gefe, hannunta bai huta ba. Tana ƙarasa bakin wata doguwar ɗamara ce da ta saƙa da gashin tumakinta, ja da fari, faɗinta kamar tafin hannu, tsawonta ya fi ni sau biyu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Bokitin nan ne za a sa mutum a ciki?" Muka yi dariya har da mai kayan.

Har yau abin yana ba ni haushi. Ni kaina da irin ɗamarar nan aka naɗe ni wata shida, haka Noemí, haka Doña Teodora da ke sayar da kujerun. Kowa a cikinmu ya san yadda ake yi wa jariri: a miƙar da hannuwansa a jikinsa, a haɗe ƙafafunsa, a naɗe shi tun daga kafaɗa har tafin ƙafa, don ƙashinsa ya miƙe, kuma don kada ya zabura kurwarsa ta fita. Ga ɗamara a hannun tsohuwa, ga 'yar tsana da ƙafafu a ware, taku biyu tsakaninsu, amma babu wanda ya haɗa biyun a ransa. Ko kuwa in ce mutum ɗaya ta haɗa, ta yi shiru.

Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi wa Noemí aiki a wani asibiti a La Paz. Mace aka samu, muka sa mata Wara. Kwana huɗu aka sallame su, ranar Talata da hantsi. Na kawo mota ƙofar asibitin, kujera a ɗaure a baya tun jiya, na gwada ta ya fi sau goma. Noemí ta fito a duƙe tana dafe da cikinta. Bayanta Doña Basilia, ɗauke da 'yata a naɗe tamau, a miƙe kamar sanda, fuskarta kaɗai ke waje a ƙarƙashin wata 'yar hular ulu.

Na dubi yarinyar, na dubi kujerar.

"Mama, sai an kwance ta."

"A kwance wa?"

"Maɗaurin nan ta tsakanin ƙafafunta zai bi. Kin ga dai yadda matar ta nuna."

"Na ga yadda ta nuna da roba. Ɗora ta haka, ka ɗaure ta sama in ɗaurin kake so."

"Zamewa za ta yi. In na taka birki ta ƙasa za ta fice."

"To kar ka taka birki kamar mahaukaci."

Motoci sun taru a bayana suna ta ham, ɗan sandan hanya yana busa mini usur. Noemí ta jingina da motar, leɓenta ya yi fari. Tun da na san ta ban taɓa jin ta musa wa uwarta ba, ko a kan gishirin miya ne. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi wa tsohuwar ba. Ta kalle ni na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, direba." Ta shiga baya, ta warware ɗamarar a kan cinyarta, ta miƙo mini yarinyar. Na zaunar da ita, na haɗa maɗauran, na lulluɓe ta da bargo. Wara ta canyara kuka.

Da ina da hankali da na san Doña Basilia ba ta saurin sallamawa haka.

Noemí ta zauna a gaba saboda in kwantar mata da kujera, ɗinkin yana ja. Tsohuwar tana baya kusa da jaririya. Irin kujerar nan baya take kallo, don haka a madubi ƙeyarta kawai nake gani. Kukan bai tsaya ba duk tsawon unguwar Villa Fátima, yana shiga har cikin haƙorana. A shingen fita gari na tsaya na sauka, na sayi burodin da muke jefa wa karnukan hanya da 'yar kwalbar barasar da ake zuba wa dutse. Akwai layi, na ɗan jima. Da na dawo motar ta yi tsit.

"Kun gani ko?" na ce, ina murmushi kamar wanda ya ci gasa. "Har ta saba."

Noemí ta juya fuskarta wajen taga.

Muka hau. Kafin mu kai La Cumbre sama ta rufe, ƙanƙara ta fara sauka tsilli-tsilli. A can ƙololuwa, inda hanya ke karyewa ta fara gangara, kowane direba yana tsayawa ya yayyafa wa tayoyinsa barasa ya nemi izinin wucewa a wurin dutsen. Na yi haka sau dubbai. Na fita, iska na yankar kunne, na zuba wa na gaba biyu, na zagayo baya. Ina sunkuye a kan tayar baya na ɗago kai na leƙa ta gilashi don in ga fuskar 'yata.

Bargon yana nan a shimfiɗe da kyau, maɗauran a haɗe. Abin da aka ɗaure a ciki ƙullin busasshen dankali ne.

Na fizge ƙofar. Doña Basilia ko gezau. Ta buɗe gefen mayafinta kaɗan, ga Wara a ƙirjinta, a naɗe tamau, tana barci. Kilomita ashirin na yi tuƙi a kan titi mai santsi da 'yata a hannu, ina yi wa dankali a hankali.

"Mama, mai da ta."

"Rufe ƙofa, sanyi yana shigowa."

"Na ce ki mai da ta cikin kujera!"

"Ka ji ta tana kuka yanzu? Tun da na naɗe ta ta samu lafiya. Kai ka san mota, ni na san ɗa. Tara na haifa."

Na leƙa gaba. "Noemí, kin sani?"

Ba ta juyo ba. Hawaye na bin kumatunta. Ta sani, tana ji aka yi komai a bayanta.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na zagaya na kashe motar, na zare makulli na jefa a aljihu. Na ce daga nan zuwa Coroico gangara ce zalla, kwana a kan kwana, hazo da manyan motoci, kuma na rantse tayar nan ba za ta motsa ba sai yarinyar tana cikin kujera. Doña Basilia ta gyara zama ta ce ita ba ta da sauri.

Muka zauna. Da injin ya mutu ɗumin motar ya tafi da shi. Cikin 'yan mintoci gilasai suka yi gumi, numfashinmu ya fara fita kamar hayaƙi. Wani abokin aikina ya rage gudu ya yi mini alamar ko lafiya, na ɗaga masa hannu ya wuce. Na san abin da nake yi. Na san iskar wurin nan ba ta isar babba saboda tsayinsa, balle jaririyar kwana huɗu da mai ɗinki a ciki. Ina jin haƙoran Noemí suna haɗuwa. Amma na kafe, don na san in na tada motar nan yau da yarinyar a hannu, to haka zan riƙa tada ta ke nan har abada.

"Kai da kake zuba wa dutse giya," in ji tsohuwar daga baya, muryarta a kwance, "kai ne za ka ce nawa jahilci ne? Ka san wurin nan ba fanko ba ne, shi ya sa kake neman izini. A nan za ka ware mini ita, hannu da ƙafa a sake, ta zabura kurwarta ta tsaya a nan? Wa zai hawo ya ɗauko ta? Kai?"

"Mama, ni na ga abin da hanya take yi."

"Ni ma na ga abin da na gani." Ta ci gaba, ba ni take kallo ba. "Wan wannan da ke zaune a gefenka, Anselmo. Sati uku gare shi na kai shi asibiti da tari. Suka ce in kwance shi, wai ɗamara tana hana shi numfashi, wai mu mutanen ƙauye ba mu san komai ba. Na kwance. Yana ta zabura, yana miƙa hannu kamar mai neman abin kamawa. Kwana biyu suka ba ni shi a zane. Takwas na naɗe, takwas suna raye. Ɗaya na kwance."

Ban san da wannan ba. Ina da amsa, amsar asibiti, amma ba irin wadda ake ba uwa ba ce. Na gane tsoron da ke cikinta irin nawa ne sak, kuma hakan bai sauƙaƙa komai ba, don yarinyar ɗaya ce.

Wara ta farka. Ba kuka ta yi ba, wani ɗan ƙaramin sauti ta yi kamar na mage, ta yi shiru, ta sake yi. Hannuna ya kai aljihu ya taɓa makullin, na tsaya.

Sai na ji ƙofar gaba ta buɗe. Noemí ta sauko da ƙafa ɗaya, ta huta, ta sauko da ɗayar. Ta bi jikin motar tana dafawa, a duƙe, ƙanƙara na sauka a gashinta, har ta kai ƙofar uwarta ta buɗe.

"Mama, ba ni 'yata."

"Koma ki zauna, ɗinkinki zai..."

"Ba ni ita, Mama. Ni na haife ta."

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Doña Basilia ta dube ta kamar ba ta san ta ba. Sannan a hankali ta buɗe mayafin ta miƙa.

Noemí ta ratsa ta gaban uwarta ta zauna a tsakiya, aka ja ƙofar, ta ɗora yarinyar a cinya ta nemo bakin ɗamarar. Zagaye ɗaya, biyu, uku, abin ya ƙi ƙarewa, tana warwarewa tana kuka tana cewa, "Ki yafe mini, Mama." Da zagayen ƙarshe ya sake, Wara ta watsa hannuwanta biyu sama, yatsu a ware, ta zabura da dukkan jikinta ta tsala ihu. Tsohuwar ta rufe bakinta da hannu. Na zagayo baya na cire ƙullin dankalin, na karɓi 'yata, na fito da maɗaurin ta tsakanin ƙafafunta, na haɗa, na ja har ya zauna. Na tada mota, na buɗe ɗumi har ƙarshe. Na samu abin da nake so, kuma ban ji daɗin komai ba.

Doña Basilia ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta zare 'yar hular ulun daga kan jaririyar, ta rufa mata gefen bargo a madadinta, ta sauke gilashi kamar faɗin yatsa uku. Ta fitar da hular tana kaɗa ta wajen dutsen, yadda ake kiran kurwar wanda ya firgita.

"Wara, taho. Taho, 'yar nan, kar ki tsaya a nan. Ga uwarki, ga gidanku. Wara, biyo mu."

Muka fara gangara. Hazo ya rufe mu ruf, ba na ganin abin da ya wuce tsawon mota biyu. Na sa giya ta biyu na bi farin layi. Manyan motoci suna fitowa daga cikin farin kamar gidaje, su wuce suna watsa mana ruwa. Noemí ta zauna a baya, a matse tsakanin uwarta da kujerar. Yarinyar tana ihu, tsohuwar tana kira, a kowace kwana sai ta ƙara murya kamar a nan ne za a bar ta. Muka wuce Pongo tana kira. Muka wuce Unduavi tana kira, muryar ta fara dishewa saboda sanyin da take shaƙa ta tagar. Kafin ramin farko da hanya ke ratsawa ta cikin dutse ta koma raɗa, daga nan sai leɓe kawai ke motsi, hular tana ta kaɗawa.

A cikin ramin ne kukan ya yanke. Ba raguwa ya yi ba, ɗif ya ɗauke.

Na ɗaga ido na dubi madubi, ƙeyar kujera kawai. Duhu a baya, ba na ganin fuskar kowa. Ga babbar mota a gindina, babu wurin tsayawa, bango dama bango hagu. Na kira Noemí, ta ce, "Tsaya, tsaya, ba na gani," ina jin tana laluben bargon. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wara, taho. Taho, 'yata. Kar ki tsaya a can. Ga babanki nan, biyo mu."

Na faɗa da ƙarfi, na sake faɗa, muryata tana karyewa. Haske ya ɓullo a bakin ramin, muka fita cikin ruwan sama.

"Tana numfashi, Froilán," in ji Noemí, tana dariya tana kuka. "Barci ne. Barci kawai take yi."

Na saki numfashi, na daina kiran, kunya ta kama ni. Sai na ji hannu a kafaɗata, ƙarami, mai sanyi kamar ƙarfe. Doña Basilia ta matso bakinta kusa da kunnena, da ɗan abin da ya rage mata na murya.

"Kar ka daina, ɗana. Ba mu sauka ba tukuna."

Ban daina ba har Coroico.